Me ya sa wata rana aiki ke tafiya da kansa, wata rana kuma ko sakin layi ɗaya ya gagara?

Sadiya_M:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina rubuta kundin digirina na biyu, kuma wani abu yana ɗaure mini kai. Akwai ranar da zan zauna gaban kwamfuta in fara rubutu, kafin in ɗago kai rana ta yi nisa, ban ji yunwa ba, an ma yi ta kirana ban ji ba, shafuka sun taru. Wata rana kuma kujerar ce dai, teburin ne dai, amma sai duba waya da tashi da zama. Shin wannan nutsewa cikin aiki ana iya jawo ta da gangan, ko sa'a ce kawai? In ana iyawa, ta yaya?

Abu_Hanif:
Wa alaikumus salam. Ki kashe waya ki kai ta wani ɗaki. Magana ta ƙare.

Tela_Garba:
Abu_Hanif, da sauƙinta ya kai haka da kowa ya huta. Ni wayata tana aljihu, tana ƙara ma, amma in na hau keke kan rigar da na riga na yanka na san inda kowane ƙyalle zai zauna, wallahi har mantawa nake akwai mutane a wajen. Ƙafa na taka, hannu na tura yadi, ido na kan bakin allura. Da layin ɗinki ya karkace ko da ɗan kaɗan ne, nan take zan gani, hannu ya gyara tun kafin in yi tunanin gyarawa. Amma kawo mini aikin da mai shi bai faɗi abin da yake so ba, ya ce "kai dai yi mai kyau", sai in yini ina jujjuya yadin ina ajiyewa. Ranar ko an jefa wayar a rijiya ba abin da zai canza.

Malam_Nura:
Malam Garba, abin da ka faɗa kusan shi ne abin da masu bincike suka shafe shekaru suna rubutawa. Wanda ya fi shahara a kan wannan batu shi ne Mihaly Csikszentmihalyi, masanin halayyar ɗan Adam ɗan asalin Hungari da ya koyar a Jami'ar Shikago, ya rasu a 2021. Abin ya fara ɗaukar hankalinsa ne a wajen masu zane: ya lura in zanen yana tafiya daidai sai su manta da ci da barci, amma da sun gama sai su jingine shi a bango, ba su ƙara damuwa da shi. Ashe yin aikin suke so, ba kammalallen zanen ba. Daga nan ya yi ta hira da masu hawan duwatsu, 'yan wasan darar Turawa (ces), likitocin fiɗa, masu rawa da masu tsara kiɗa. Ya fitar da sakamakon farko a 1975, sannan littafin da ya yaɗa maganar a duniya ya fito a 1990.

Abin da ya ba shi mamaki, mutanen nan sana'o'insu ba su haɗa komai ba, amma bayaninsu iri ɗaya ne. Lokaci ya rikice musu, sun daina tunanin yadda ake kallonsu, hannu da tunani sun zama abu ɗaya. Kuma ya ga abin ya fi zuwa in mutum ya san takamaiman abin da zai yi a taki na gaba, yana ganin sakamakon abin da ya yi nan take, sannan wuyar aikin ta yi daidai da gwanintarsa. In aikin ya fi ƙarfinka, fargaba ce za ta cika ka. In ka fi ƙarfinsa da nisa, gundura. Tsakanin biyun nan ne ƙofar take, kuma siririya ce.

Sadiya, ki duba ranakun naki. Ina kyautata zaton ba aiki iri ɗaya kika zauna yi ba.

Kb_Dariya:
Malam Nura, wannan sunan ai sai an sha ruwa kafin a karanta shi 😂

Maman_Ikram:
Ni duk lokacin da aka kawo irin wannan magana sai in ga kamar da marasa yara ake. Awa uku ba mai taɓa ka? A wane gida? Ni ina haɗa lissafin kuɗin ƙungiyarmu ne tsakanin "Mama ya ƙwace mini" da "Mama zan sha ruwa". Ku ba mu shawarar da za ta yi wa irinmu aiki.

Injiniya_Bello:
Hajiya Maman Ikram, gaskiyarki, kuma abin ya fi yadda kike zato muni. An yi bincike an gano duk lokacin da aka katse mutum, ƙwaƙwalwarsa tana buƙatar minti 23 kafin ta dawo daidai. Shi ya sa nake bin tsarin Pomodoro: aiki minti 25, hutu minti 5, bayan zagaye huɗu a yi dogon hutu. Wani ɗalibi ɗan Italiya, Francesco Cirillo, ya ƙirƙiro shi a ƙarshen shekarun 1980 da ɗan agogon kicin. Minti 25 kowa zai iya samu, har mai yara.

Zainab_A:
Yaya Bello, a ɗan gyara wannan minti 23 ɗin, don ya yi yawo a intanet har ya sauya kama. Daga aikin Gloria Mark ya fito, farfesar da ta koyar a Jami'ar Kalifoniya da ke Irvine, wadda ta riƙa bin ma'aikatan ofis tana auna yadda suke tsalle daga aiki zuwa aiki. Abin da aka auna shi ne tsawon lokacin da mutum ke ɗauka kafin ya koma kan aikin da aka katse masa, kuma a tsakani yakan yi wasu ayyukan daban. Ba wai ƙwaƙwalwa tana tsayawa cak na minti 23 ba ne don yaro ya nemi ruwa. In da haka ne da iyaye mata ba su taɓa gama komai ba a duniya.

Abin da ya fi tsorata ni a aikinta wani ne daban. A 2004 ta samu mutum yana daɗewa kimanin minti biyu da rabi a kan abu ɗaya a allon kwamfuta kafin ya juya. A binciken da aka yi shekaru bayan haka ya koma kusan daƙiƙa 47. Kuma ta nuna da yawa daga katsewar ba wani ne ke yi mana ba, mu ne da kanmu muke miƙa hannu mu buɗe wani abu.

Abu_Hanif:
To ai kun dawo kan maganata. Waya. Wani malamin Jami'ar Texas da abokan aikinsa sun wallafa wani gwaji a 2017: wasu wayarsu na kan tebur, wasu a jaka ko aljihu, wasu a wani ɗaki. Na wani ɗakin su suka fi ƙoƙari a gwajin riƙe abu a ka, alhali duk wayoyin ba sa ƙara.

Zainab_A:
An yi, amma wasu da suka maimaita gwajin daga baya ba su samu bambancin ba. Ni ma ina ajiye tawa nesa, don na san halina da ita, sai dai ba zan ce an rufe magana a kai ba.

Sulaiman_Manhaja:
Ni Pomodoro ɗin nan ne ban yarda da shi ba, Injiniya ka yi haƙuri. Aikina rubuta manhaja. In ina bin diddigin kuskure, sai na ɗora abubuwa da yawa a kaina lokaci guda: wannan layin yana kiran wancan, wancan yana karɓar bayani daga can, darajar nan ta canza a wuri kaza. Kafin in gama jera su a ka, kusan minti 25 ɗin sun tafi. Daidai lokacin da na fara hango inda ɓarnar take, sai agogo ya ce tashi ka huta? In na tashi komai ya zube, sai sabon lale. Agogon yana da amfani ranar da nake jin ƙyuya, ya tura ni in fara. Amma in na shiga, kashe shi nake.

Injiniya_Bello:
To ai ka yi amfani da shi ke nan. Ni ma ban ce wahayi ba ne.

Sadiya_M:
Malam Nura, na koma na duba kamar yadda ka ce. Ranakun da abin ya tafi, ina kan babi na huɗu ne, ina fassara alƙaluman da na tattara: ga jadawali a gabana, in duba, in rubuta abin da ya nuna, in wuce na gaba. Ranakun da na kasa kuwa duk a babi na biyu ne, bitar ayyukan magabata. Abin da na rubuta a takardar tsarin ranar shi ne "rubuta babi na biyu". To amma shi ma ai dole in rubuta shi. Yaya zan yi da aikin da shi a kansa ba shi da fasali?

Dr_Hauwa:
Ƙanwata, na duba kundin ɗalibai da dama, kuma kusan kowa a wannan babin yake maƙalewa. "Rubuta babi na biyu" ba aiki ba ne da hannu zai iya kamawa, buri ne. Ki zauna da shi ƙwaƙwalwa ta rasa ta ina za ta fara, sai ta gudu wajen abin da ta san yadda ake yinsa, wato waya.

Ki raba karatu da rubutu tukuna, kada ki haɗa su a zama ɗaya. Taura biyu ba ta taunuwa. Ranar karatu, kowace maƙala ki fitar mata da layi uku: me suka tambaya, me suka samu, ina suka gaza. Ranar rubutu kuma kada ki buɗe sabuwar maƙala ko ɗaya. Aikinki ya zama kamar "sakin layi ɗaya da ke nuna inda wane da wane suka saɓa kan abu kaza". Wannan kina gamawa kin san kin gama, kina karantawa kin san ko ya yi ko bai yi ba. Kin samar wa kanki abin da Malam Garba ke samu kyauta a bakin allura.

Sai abu na biyu, wanda ɗalibai ba sa son ji: kada ki yi gyara kina cikin rubutu. Mai rubuta jimla ya goge, ya sake ya goge, yana tunanin abin da mai duba aikinsa zai ce, ba zai taɓa nutsewa ba, don rabin hankalinsa yana kallon kansa ne. Ki zubo shi da muninsa, gobe ki dawo da jan biro.

Kuma in za ki tashi, kada ki tashi a ƙarshen sashe. Ki bar jimla a rabi, ko ki rubuta wa kanki "gobe zan fara da hujjar da ta saɓa wa wannan". Da safe ba sai kin yi ta lalube ba.

Sadiya_M:
Allah ya saka da alheri, Anti. Wannan na gyara ana cikin rubutu kamar kina leƙa allona.

Ɗan_Adawa:
Ni fa ina da tambaya, kada a ce na zo ɓata taro. Duk alamomin da Malam Nura ya lissafa ina samunsu in ina wasan ƙwallo a waya ko ina kallon gajerun bidiyo a TikTok. Lokaci ya ɓace, ban jin yunwa, ban jin kira. Ke nan ni ma gwani ne a wannan fanni, kullum ina ciki? In haka ne, mene ne abin yabo a ciki?

Kb_Dariya:
Ɗan_Adawa ya kai matakin farfesa a nutsewa, saura a ba shi takarda.

Malam_Nura:
Tambayar ta fi ƙarfin dariya. Wasan da bidiyon ba ɗaya ba ne. Wasannin kwamfuta da na waya an gina su ne a kan sharuɗɗan nan da gangan: manufa a fili, maki nan take, kuma kana ƙwarewa ana ƙara maka wuya. Don haka wanda ya nutse a wasa, e, abin ne. Bidiyo kuwa ba gwanintar da yake nema a wajenka, yatsa kawai kake turawa. Hankalinka an riƙe shi ne, ba kai ka ba da shi ba.

Csikszentmihalyi ya auna irin wannan. Ya riƙa ba mutane 'yar na'ura mai ƙara, ta yi ƙara sau da dama a yini ba tare da sun san yaushe ba, tsawon mako guda, duk lokacin da ta yi su rubuta abin da suke yi da yadda suke ji. Kallon talabijin ya fito a cikin abubuwan da ba sa kawo wannan hali sosai. A wani bincike da ya yi da Judith LeFevre a 1989 ma sun samu mutane sun fi shiga halin a wajen aiki fiye da lokacin hutu, amma duk da haka in suna wajen aikin sai su ce sun fi son a ce suna wani wuri.

Kuma shi da kansa bai ce abin alheri ne a ko'ina ba. Natasha Dow Schüll ta yi shekaru tana nazarin masu buga injinan caca a Las Vegas, ta wallafa aikin a 2012. Da yawansu sun gaya mata ba cin kuɗin ne ke zaunar da su ba, so suke su ci gaba da zama a halin da ba sa tuna kowa da komai. Masu ƙera injinan sun san haka sarai.

Ɗan_Adawa:
To ka ga ni ban gamsu da raba wasa da bidiyo ba. A duka biyun in na ajiye wayar ji nake kamar an sace mini yini. Bambancin a takarda yake.

Koci_Aminu:
Bari in shigo ta wani ɓangare, wato ko nutsewar tana ƙara ƙwazo. Ina horar da matasa wasan ƙwallon tebur. Yaro in yana buga abin da ya iya da abokin da suke kai ɗaya, za ka ga ya nutse, ƙwallo na tafiya na dawowa, fuskarsa a sake. Yana jin daɗi, amma ba lallai yana ƙaruwa ba. Ranar da zai ƙaru ita ce ranar da na tsayar da shi a kan bugun bayan hannu da yake kuskurewa, in yi ta jefo masa ƙwallo a wuri ɗaya, ina tsayar da shi ina gyara masa gwiwar hannu. Ranar ba ya nutsewa ko kaɗan, haushi ma yake ji.

Anders Ericsson, wanda ya yi nazarin ɗaliban goge na Turawa a wata makarantar kiɗa a Berlin a 1993, ya faɗi haka ƙarara: atisayen da ke kai mutum ga ƙwarewa ba abin jin daɗi ba ne a kansa, yana cin ƙarfi, shi ya sa ko mafi ƙwazon ɗaliban nan kimanin awa uku da rabi suke yi a yini, a rarrabe, kuma suna yawan ɗan runtsawa da rana. Don haka Sadiya, kada ki ɗauka ranar da kika sha wuya ranar banza ce. Wataƙila babi na huɗu ya zo da sauƙi ne don kin riga kin sha wuyarsa a baya.

Dr_Hauwa:
Koci, na yarda da rabi. Akwai wuyar koyo, akwai kuma wuyar rashin sanin me za a yi. Ta Sadiya ta biyun ce, kuma wannan ba ta ƙara wa kowa komai.

Nas_Rukayya:
Ina ta karantawa ana ta maganar shiru da rufe ƙofa. Ni inda na fi samun wannan hali shi ne ɗakin tiyata, kuma can ba shiru. Na'urar bugun zuciya na ƙara, ana magana, mutum biyar ko shida a kan mara lafiya ɗaya. Amma in aiki ya yi zafi, likita bai gama buɗe tafin hannunsa ba na riga na ɗora masa abin da yake so, don idona na cikin wurin da yake aiki, na ga jini ya ɓullo na san abin matsewa zai nema. Sai an zo ƙidayar auduga kafin a rufe ciki nake jin ƙafafuna sun yi tsami, in kalli agogo in ga awowi sun wuce. Abin da ke fitar da ni daga ciki ba ƙara ba ce, shigowar wani ne da maganar da ba ta shafi aikin ba.

Sai dai in na kwana ban yi barci ba, babu dabarar da ke aiki. Wannan kam na gani a jikina da na abokan aiki.

Sulaiman_Manhaja:
Sister, wannan na ƙarshe shi ne gaskiyar da masu bidiyon "sirrin ninka ƙwazo" ba sa faɗa. Na ga wani yana rantsuwa wai in ka shiga halin nan aikinka zai ninka sau biyar, wai kuma gaban ƙwaƙwalwa kashewa yake yi gaba ɗaya.

Zainab_A:
Sau biyar ɗin daga tambayar manyan ma'aikata aka samo shi, su suka kimanta kansu da bakinsu, ba aikinsu aka auna ba. Na ƙwaƙwalwa kuma akwai ɗan tushe amma an zuzuta. Arne Dietrich ne ya kawo hasashen cewa sashen gaban ƙwaƙwalwa, mai sa ido a kan abin da kake yi, yana ɗan lafawa na wani lokaci. A 2008 Charles Limb da Allen Braun sun saka makaɗan piyano shida a na'urar ɗaukar hoton ƙwaƙwalwa suna ƙirƙirar kiɗa nan take, suka ga wani ɓangare na gaban ya lafa, wani ɓangaren kuma ya ƙara motsi. Mutum shida, kuma lafawa, ba mutuwa ba.

Maman_Ikram:
Har yanzu dai ba wanda ya amsa mini sai Injiniya. Amma na tsinci abu a maganar Dr_Hauwa, wannan na barin wa kai rubutu kafin a tashi. In yaro ya kira, kafin in miƙe zan rubuta layin da nake da abin da ya rage in tara. Ko ban nutse ba, aƙalla ba zan dawo ina sake lissafi daga sama ba.

Malam_Nura:
Hajiya, kin kama wani abu mai tushe. Sophie Leroy ta nuna a 2009 cewa in mutum ya bar aiki bai kammala ba ya koma wani, wani yanki na hankalinsa yana maƙale a na farkon. Daga baya ta gwada sa mutane su ɗan rubuta inda suka tsaya da yadda za su ci gaba kafin su juya, kuma hakan ya rage maƙalewar. Amma ba zan ɓoye miki ba, doguwar nutsewa irin wadda Sadiya ta kwatanta tana son lokaci mara yankewa. In akwai wanda zai riƙe miki yaran ko na awa ɗaya ne, ya fi duk wata dabara.

Maman_Ikram:
Wannan sai ku gaya wa Baban Ikram, yana cikin zauren nan yana karantawa ya yi shiru.

Tela_Garba:
Koci, maganarka ta tsaya mini. Yaron da nake koya wa ɗinki in na ba shi kalmasa sai ya yini yana yi yana waƙa, in na ce ya haɗa kwala sai ya fara zufa yana kallon ƙofa. Da ina ganin ƙyuya ce. Yanzu tambayata, in bar shi a kan kalmasar har sai ya gaji da ita da kansa, ko in ci gaba da tura shi kan kwalar?

Koci_Aminu:
Ka raba masa kwalar. Yau ya yanka kawai, ka duba. Gobe ya ɗinka gefe ɗaya a kan ƙyallen da ba na kowa ba, inda in ya ɓata ba wanda zai yi masa faɗa. Tsoron ɓata yadin mutane ne ke sa shi kallon ƙofa.

Abu_Hanif:
Ka kuma duba ko yana da waya a aljihu.

Ɗan_Adawa:
Malam Nura, ina nan ina jiran amsata fa. In wasan waya ya cika sharuɗɗan duka, me ya sa Malam Garba ke tashi daga keke da daɗin rai, ni kuma nake tashi da nadama?